Benci Guda a Ranar Muhawara

An ce a garin Tudun Kanya an yi wani dagaci, Alhaji Barau, mutum mai tsananin gudun fitina. Da ya ji za a nuna muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa, samari kuma na shirin fito da talabijin bakin kasuwa, sai ya kira Madakinsa, tsoho Ɗanliti, ya ce, "A hana. Gari ya rabu biyu, in suka taru wuri guda sai an ji wa wani ciwo."

Madaki ya ce, "Ranka ya daɗe, umarni naka ne. Amma ko ka ji abin da ya faru tsakanin Gambo da Tanko a garin surukaina?"

Dagaci ya ce, "Ina jin ka."

Madaki ya ce, "Tare aka yi musu kaciya, tare suka tsufa, siyasa ta raba su har gaisuwa ta gagara. Ranar muhawarar zaɓen da ya wuce, bayan Magariba, mai shayi ya fito da talabijin. Jama'a ta cika, wuri ya ƙare sai benci guda, suka zauna kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. To, idon Gambo ya yi yana, kunnen Tanko kuma ya yi nauyi.

"Can Tanko ya ga ana tafi bai san dalili ba. Ya daure, ya kasa, ya ce, 'Me ɗan takarana ya ce?'

"Gambo ya matso kusa da kunnensa, ya ce, 'Cewa ya yi zai gyara asibitocin karkara, mata su daina haihuwa a hanya. Ya yi magana. Nawa kuwa kame-kame ya yi. Kai kuma gaya mini, yaya fuskar nawan?'

"Tanko ya ce, 'Gumi yake yi. Amma da ya dafa ƙirji ɗazu, idonsa ya kawo ruwa. Ban ga alamar ƙarya ba.' Sannan ya ce, 'Gambo, da ka murɗe maganar ai ba zan sani ba.'

"Gambo ya ce, 'Ka manta labarin Baba da ƙaninsa, Baffa Sule? Bari in tuna maka. Sun yi rikicin iyakar gona har aka sa musu ranar zuwa gaban alƙali. Ranar, zazzaɓi ya kwantar da Baffa. Ya ce wa Baba, Yaya, ka san hujjata kamar yadda ka san taka, je ka faɗi duka biyun. Baba ya tafi shi kaɗai, ya faɗi tasa, ya koma ɗaya gefen ya faɗi ta Baffa, bai rage ko kalma ba. Da yamma ya dawo da kunu a hannu, ya ce, tashi ka sha, kai ka yi nasara. Ni ɗan wannan mutumin ne, Tanko. Ƙuri'arka nake adawa da ita, ba kunnenka ba.'

"Har aka tashi, ɗaya na ji wa ɗaya, ɗaya na gani wa ɗaya. Ba wanda ya sauya ɗan takara. Amma Tanko ne ya riƙe hannun Gambo har ƙofar gida. Ranka ya daɗe, da an hana fito da akwatin nan, da har yau ba sa gaisawa."

Dagaci ya tuna da nasa gidan. Shi ma yana da wa, Sambo, wanda tun da aka fara yaƙin neman zaɓe bai taka gidansa ba.

Ya ce, "Na ji, Madaki. A fito da talabijin, a ƙaro tabarmi, a share gefe guda don mata. Sannan ka biya ta gidan Yaya Sambo, ka ce ina gaishe shi. Ka ce masa in zai zo, zan biyo mu tafi tare."