Shirun Minti Goma a Ƙarshen Faifan Thaddeus

Akwai wani mutum a nan Memphis mai suna Lamont Pruitt, mai rubuta sharhin waƙoƙi a wata jaridar mako-mako. Idan mawaƙi ya fitar da sabon faifai, Lamont ne zai saurara ya ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, kuma gari na jin maganarsa.

Mutumin ya iya rubutu, wannan ba mai musu. Amma yabo ya fasa masa kai. Har taƙama yake yi wai daga ofis zuwa gida ya gama sanin faifai. Sau ɗaya yake ji a mota, ya cire, ya wurga kujerar baya.

Yana da aboki tun yarinta, Thaddeus Boone, mawaƙin hip-hop. Tare suka yi waƙa a coci, kwano ɗaya suka ci a gidan Mama Odessa, mahaifiyar Thaddeus. Lamont ne ya fara sa sunan Thaddeus a jarida tun ba wanda ya san shi.

Da faifan Thaddeus na uku ya fito, Lamont ya sa shi a mota. Maganar gaskiya, faifan bai yi daɗi ba. Murya ta dushe, an lafta mata kiɗa kamar ana ɓoye ta. Waƙa ta goma sha biyu ta ƙare, shiru ya biyo baya, amma faifan bai tsaya ba.

Duk mai wannan sana'a ya san mawaƙa kan ɓoye waƙa a ƙarshen faifai, bayan dogon shiru, ba tare da an rubuta sunanta a bango ba. Lamont ya fi kowa sani. Tsaki kawai ya ja, ya fitar da faifan.

Ran Alhamis jarida ta fito da tauraro ɗaya. Ga abin da ya rubuta: "Thaddeus Boone ya ƙare. Ba shi da sauran abin faɗa, ko muryar faɗar ma ba shi da ita."

A shagunan aski aka riƙa karantawa ana dariya. Editansa ya dafa shi ya ce, "Kai ba ka da mutunci! Ko abokinka ba ka ƙyale ba."

Ran Litinin sai ga Mama Odessa a ofis, jaka a hammata.

"Lamont, ɗauko makullin motarka."

"Mama, aiki nake yi..."

"Ni ma aiki nake yi lokacin da kake cinye min kaza. Tashi."

A cikin mota ta sa faifan, ta kai shi waƙar ƙarshe. Da ta ƙare ya miƙa hannu zai cire, ta make hannun.

"Zauna. Wa ya biyo ka?"

Minti goma suka yi ba wanda ya ce uffan. Sai ga sautin piyano, sai muryar Thaddeus, ba kiɗa, ba ado. Ya ce likitoci sun ga ciwon daji a maƙogwaronsa, za su yi aiki, kuma muryar ba za ta dawo ba. Da ƙyar ya ƙarasa faifan nan.

"Ban iya faɗa wa mutane ba," in ji muryar. "Amma na san mutum ɗaya a garin nan da yake jin faifai har ƙarshe. Lamont, ɗan'uwana, kai ka faɗa musu."

Mama Odessa ta kashe rediyon.

"Ran Juma'a aka yi aikin. Ran Alhamis ya aike ni na sayo jarida. Ya ce, Mama, karanta min, Lamont ya fi ni iya magana." Ta gyara jakarta. "Ban kai layi na uku ba."

Lamont ya koma wajen edita yana roƙo. Aka ba shi ɗan lungu a shafi na talatin ya yi gyara. To wa zai gani? Waccan jaridar ta farko ta riga ta shiga kowane gida. Ni kaina na karanta ta, na kuma yi dariya, har yau abin na damuna.

Da ya je asibiti ya tarar da Thaddeus wuya a naɗe, da ɗan allo a cinyarsa. Lamont ya yi ta zuba, yana ba da haƙuri, yana kawo dalilai. Thaddeus ya ɗauki alƙalami ya rubuta:

"Faifan ba daɗi. Na sani."

Ya goge da tafin hannu, ya sake rubutawa:

"Na ɗauka za ka jira."

Thaddeus ya kife allon, ya mai da fuskarsa taga.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci kafin ka ji shi har ƙarshe, musamman wanda ya yarda da kai. Maganar da ta fita ba ta dawowa, ko da ka yi kuka. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana da saurin kushe aikin wani.