Filayar Raphael da Jirgin Baba Sati

Akwai wani malamin sakandare a Samaru mai suna Raphael, mutumin kirki ne, sai dai tsarinsa ya yi yawa. Irin mutanen nan ne da in ka matsar musu da biro daga dama zuwa hagu sai sun gane, kuma sai ka ji a jikinka. Yana zaune da matarsa Dinatu da mahaifinsa Baba Sati. 'Yarsu Jemimah tana makarantar kwana.

Baba Sati a reluwe ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya fara da zuba kwal a jirgin ƙasa, ya gama yana direba. Yanzu ido ya rage gani, ƙafa ta yi nauyi, amma kana ambaton jirgi zai gyara zama.

Da aka sa ranar sujadar godiya ta cikarsa shekara tamanin a cocinsu na Sabon Gari, Raphael ya ce shi ba zai ba da yadi ko agogo kamar kowa ba. Ya sa abokinsa Tosin ya taho masa daga waje da kwalin jirgin ƙasa na roba, irin wanda ake harhaɗawa, mai hayaƙi sak wanda Baba ya tuƙa. Ya gargaɗi Dinatu kada ta gaya wa tsohon, so yake ya gan shi kwatsam ranar bikin.

In ba ku taɓa ganin irin wannan abu ba, guntaye ne ƙanana birjik, kowanne manne da sandar roba, wani bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ka cire su ɗaya bayan ɗaya ka haɗa da gam. Don haka Tosin ya haɗo masa da 'yar filaya ta musamman, bakinta siriri kamar reza, roba kaɗai take yanka. Tana taɓa ƙarfe ta gama aiki.

Raphael ya ɗauki filayar nan kamar jaririya. Ba ya yanke guntu a karo ɗaya, sai ya fara yanka nesa kaɗan, sannan ya dawo ya share ragowar, don kada robar ta yi fari ko ta tsage. Ba ya murɗa ta. In ya gama ya goge bakin da ƙyalle, ya ɗiga man keken ɗinki a gaɓar, ya sa mata murfinta. Duk wannan daidai ne, ban ga laifinsa ba.

Inda ya kuskure, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Doka kawai ya kafa.

"Kada wanda ya taɓa mini abin nan."

Dinatu ta ce, "Baban Jemimah, me ya bambanta ta da sauran filaya?"

"Ba za ki gane ba. Ke dai ki bar ta."

Teburinsa yana jikin tagar falo, ragar tagar kuwa ta yage tun bara. Da yamma yana aiki sauro na aiki a kansa, ya mari wuya, ya mari ƙafa, ya yi tsaki, ya ce gobe zai kira kafinta. Goben ba ta taɓa zuwa ba.

Ana saura 'yan kwanaki biki, ya dawo daga makaranta ya zauna zai cire sandar da ke haɗa ƙafafun jirgin, wadda ita ce mafi siranta a kwalin. Ya matsa filaya. Maimakon ta yanke sumul, sai ta tauna robar, wurin ya yi fari, sandar ta karye biyu. Ya ɗaga filayar a haske, ya ga bakin ya ɓantare.

Ransa ya ɓaci matuƙa. Nan take zuciyarsa ta ba shi mai laifi, domin Dinatu ce ke ɗaura furannin ado na zumuntar mata, kuma da waya take ɗaurawa. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake.

"Wa ya yanka waya da filayata?"

Ta dubi filayar, ta saci kallon ƙofar ɗakin Baba, ta ce a hankali, "Rage murya, don Allah. Abin ya riga ya faru, ka yi haƙuri."

"In rage murya? Abu ɗaya na roƙa a gidan nan, ɗaya tak. Duk wanda ya kama wannan ya kai kan ƙarfe ba shi da hankali. Ƙauyanci ne kawai, mutum ya ga abu ya kai hannu kamar ƙaramin yaro."

Dinatu ta ci gaba da tsintar wakenta. A ɗakin Baba rediyo ta yi shiru, amma mai fushi ba ya lura da irin wannan.

Washegari ya hau keke napep sai kasuwar Sabon Gari. Ya bi layin masu kayan aiki shago shago, rana na dukansa, kowa ya karɓi filayar ya juya ya girgiza kai. A ƙarshe ya faɗa wurin Chuks, wanda aka ce ba abin da ba ya da shi. Chuks ya zube masa filayoyin masu gyaran wuta a kan kanta.

"Oga, ɗauki wannan. Har ƙusa tana yanka."

"Ni wadda ba ta yanka ƙusa nake nema."

Chuks ya dube shi sama da ƙasa. "Filaya wanda ba ya yanka ƙarfe? To me amfaninsa? Kawo in ba mai wasa wuƙa ya goga maka."

Raphael ya fizge abarsa. Ya san dutsen wasa wuƙa zai cinye bakin gaba ɗaya. Ya kira Tosin, Tosin ya ce ko yau aka saya ba za ta iso kafin biki ba. Haka ya koma Samaru da reza da sanfefa, da ciwon kai, da haushin kowa.

Gida ya zama ba daɗi. Dinatu ta ajiye abinci, ya ci ba sannu ba na gode. Aikin da filaya ke yi cikin ƙiftawar ido, yanzu sai ya yi ta gurzawa da reza, ya yanke yatsa, ya ɗaure da ƙyalle, ya ci gaba yana ƙunƙuni. Kowane guntu ya fito da tabo, sai ya ƙara jin haushinta.

Wata yamma yana cikin liƙa sandar da ta karye, sai ya ankara da wani abu. Tun da ya zauna bai mari wuyansa ba. Jiya ma haka. Ya ɗaga kai ya dubi taga. An ɗinke ragar tsaf da siririyar waya, kowane ƙulli an murɗe shi an datse bakinsa. Wannan ba hannun mai ɗaura fure ba ne. Ya san ƙullin nan tun yana yaro, da shi ake gyara musu kejin kaji.

Sai ya ji sanda tana ƙwanƙwasa siminti a bayansa.

Baba Sati ya ce, "Ragar ta riƙe? Ido ba ya gani sosai, da lalube na yi."

Raphael ya juyo ya dubi mahaifinsa, tsohon ya ci gaba.

"Na ga sauro na cin ka kullum. Filayata ta yi tsatsa, ta ƙi buɗewa. Na ga wata a teburinka, na ce ai ta ɗana ce. Dinatu ta shigo ta tarar na gama, ta ce in yi shiru za ta san yadda za ta yi. To, shirun ya ishe ni. Marar hankalin da ka faɗa, ni ne."

Raphael ya zame daga kujera ya durƙusa. "Baba, ka gafarce ni. Ban san kai ne ba."

"Na san ba ka sani ba. To da ita ce ɗin fa, sai ya zama daidai?"

Kunya ta rufe shi. Ya tashi ya je kicin ya ba Dinatu haƙuri. Ta ce ya wuce, amma ta ƙara da cewa, "Da ka gaya mana roba kawai take yanka, da ni da kaina zan ɓoye ta."

Jirgi dai ya kammalu, da tabonsa da komai. Ranar godiya, bayan sujada, aka taru a zauren coci, Raphael ya ajiye shi gaban mahaifinsa ya yaye ƙyallen da ya rufe shi. Mutane suka yi tafi. Baba Sati ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa bututun hayaƙin, fuskarsa ta washe, ya gane jirginsa. Ya miƙa hannu zai taɓa.

Sai hannun ya tsaya a iska. Ya janye shi, ya juyo wajen ɗansa, ya tambaya a hankali, ba da gatse ba:

"Raphael, an yarda in taɓa?"

Raphael ya ɗauki jirgin ya ɗora a tafin hannun tsohon, hawaye na zubo masa a gaban jama'a. Ya ce, "Naka ne, Baba. Tun farko naka ne."

Darasi: Kula da kayan aiki abu ne mai kyau, amma kada kayan su fi maka mutanen da kake yi dominsu. In ka hana abu a gida, ka faɗi dalili, in kuma ya lalace, ka bincika kafin ka buɗe baki. Filaya ana sake sayen wata, maganar da ta sa mahaifi neman izini a gidan ɗansa kuwa ba ta gogewa da sauƙi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin ɗaga murya yau da zai fasa.