Irmiya da Uwar Jatan Lande

A wani gari da ke bakin kogi an yi wani mutum, sunansa Irmiya. Manomi ne, da damina ba ka samunsa ko'ina sai gona. Amma in rani ya yi, ruwan kogi ya ja baya, a nan za ka ga abin da zuciyarsa take so, wato nutso. Ba don ciki yake yi ba, gama rumbunsa bai taɓa rasa dawa ba. Don jin daɗi yake yi, shi da waɗansu magidanta na garin, kamar yadda wani yake son dara, wani kuma kokawa.

A ƙasan garin akwai wani gurbi mai zurfi wanda ba ya ƙafewa. A ramukan duwatsun da ke can ƙarƙashinsa manyan jatan lande suke zama. Ba irin ƙananan nan da ake busarwa a kai kasuwa don miya ba. Waɗannan manya ne ƙwarai, hannuwansu kamar awartakin maƙeri, in suka damƙi yatsan mutum sai ya kira sunan uwarsa.

Gurbin nan yana da doka tun zamanin kakanni, sarkin ruwa kuwa shi ne mai tsaronta. Ba a shiga sai ranar da ya buɗe, sau ɗaya a shekara. Ba mashi, ba ƙugiya, ba zuba magani a ruwa, da hannu kawai ake kamawa. Wanda bai kai tsawon tafin hannu ba, a mayar da shi ya ƙara girma. Babbar dokar kuwa ita ce, uwa mai ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin cikinta ba a fito da ita, gama ita ce abincin 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Duk abin da aka kamo sai an kai gaban sarkin ruwa ya juya shi ya duba cikinsa. Wanda nasa ya fi na kowa girma, shi ne gwanin ruwa na wannan shekara. Makaɗi zai kira sunansa a gaban jama'a, baɗi kuma shi zai fara sa ƙafa a ruwa kafin kowa.

In dai nutso ne, Irmiya gwani ne. Ya kuwa san shi gwani ne, ba ya kuma barin kowa ya manta. Allah ya ba shi dogon numfashi, in ya nutse har sai mata a bakin gaɓa sun fara kiran sunan Ubangiji kafin ya ɓullo yana dariya. Amma ga abin haushi, bai taɓa zama gwanin ruwa ba. Gaba da gabanta. Akwai maƙwabcinsa Filibus, mutum marar surutu, wanda shekara da shekaru nasa yakan ɗara na Irmiya da ɗan kaɗan. Abin nan ya daɗe yana cin Irmiya a rai, ko da yake yakan kai wa Filibus gaisuwar barka da fuska a sake.

Kwanci tashi furfura ta fito, ƙirjinsa ya fara ƙara in ya hau tudu. Matarsa Briskila ta matsa masa ya bar nutso, ta ce ita ba ta shirya zama gwauruwa saboda abin miya ba. Da ya ga ba za ta bar shi ya sha ruwa ba, sai ya yi mata alkawari cewa bana ce ta ƙarshe. Daga nan fa ya shiga cika baki. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a ƙofar majami'a bayan sujada, cewa bana ko ana ha maza ha mata sai makaɗi ya kira sunansa. Bai tsaya nan ba, har ya aika wa surukansa, iyayen mijin 'yarsa Tabita, su zo daga garinsu su gani da idonsu. Briskila ta tuna masa baki shi ke yanka wuya, ya ce wuyansa kauri gare shi.

Ranar buɗe gurbi ta zo. Rana ta ɗaga, gari ya fito kaf, surukan Irmiya kuma aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Sarkin ruwa ya maimaita dokoki, ya kuma tuna musu cewa muddin ganga tana tashi ana iya nutso, in ta yi shiru kowa ya fito. Makaɗi ya saki ganga, maza suka faɗa ruwa.

Irmiya bai ɓata numfashinsa a kan ƙanana ba. Ya san wani rami a gindin babban dutse, a inda ya fi ko'ina zurfi, wanda ba kowa ke iya kaiwa ba. Ya yi ta gwadawa yana komowa, har sauran suka tara abin da suka tara shi bai kama komai ba. Sa'an nan ya ja numfashi iyakar ƙarfinsa ya nutse, ya kai. A can ƙasa ido ba ya aiki, hannu ne ido. Ya zura hannu cikin ramin, sai wani abu ya damƙe shi, damƙar da bai taɓa jin irinta ba. Ya cije, ya lallaɓa ɗaya hannun ya kama ta baya, ashe wata ƙatuwar jatan lande ce, ya jawo ta waje. Da ya ji nauyinta da tsawonta, murna ta cika shi har ya kusa buɗe baki a cikin ruwa. Ko Filibus bai taɓa fito da mai kama da wannan ba.

Sai babban yatsansa ya zame zuwa ƙarƙashin cikinta, ya ji ƙwai cunkus, kamar tsabar gero.

To, akwai abin da kowane mai nutso ya sani, ba a dai faɗarsa a fili. In ka sa farce ka kankare ƙwan nan tun kana ƙasa, ruwa zai tafi da su, ka fito da uwa cikinta fes. Sarkin ruwa ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ba zai gane ba. Irmiya yana jin ganga daga nesa ta cikin ruwa, ta fara sauri, alamar an kusa tsayawa. Ƙirjinsa yana zafi kamar an zuba masa barkono. Ya tuna da surukansa a kan tabarma, ya tuna da bakin da ya cika, ya tuna wannan ne nutsonsa na ƙarshe a duniya. Har ya ɗora farcensa a kan ƙwan. Amma zuciyarsa ta ce masa, wanda ya halicci gurbin nan ba ya bukatar hasken rana kafin ya ga gindinsa. Sai ya ɗauke farcen, ya mayar da ita cikin raminta, ya taka dutse ya yi sama.

Ya ɓullo hannu rabbana, daidai lokacin da ganga ta yi shiru. Jama'a suka fashe da dariya. Wani ya tambaye shi ko ya je gaishe su ne kawai a can ƙasa. Surukansa suka sunkuyar da kai don kunya. Sarkin ruwa ya duba na kowa, ya ɗaga na Filibus sama, makaɗi ya kira sunan Filibus, matarsa kuma ta rangaɗa guɗa kamar yadda matar gwani takan yi.

Irmiya ya ja jiki ya zauna a gefe yana haki. Briskila ta zo da mayafi za ta rufa masa, sai ta ga hannunsa a yayyage yana zubar da jini.

Ta ce, "Baban Tabita, me ya yi maka wannan aika-aika?"

Ya ce a hankali, "Wadda na daɗe ina nema ce. Na riƙe ta da hannuna biyu."

"To, ina take?"

"Tana da ƙwai."

Briskila 'yar mai nutso ce, ta san abin da farce yake iya yi a ƙarƙashin ruwa. Ta dube shi, ta tambaye shi ko akwai wanda yake kusa da shi a can. Ya ce ba kowa. Alfahari da mijinta ya cika mata zuciya har idonta ya kawo ruwa. Sai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa wadda ta fi ta matar Filibus tsawo da ƙarfi.

Mutane suka juyo suna mamaki, waɗansu suka ce zafin rana ne ya taɓa ta. Surukarta ta matso ta ce, "Maman Tabita, guɗar me kike yi, ga hannunsa ba komai?"

Briskila ta ce, "Ke dai bar ni. Ni na san mijin da na aura."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Irmiya kuwa, mai cika bakin nan da ba ya iya riƙe labarin gwanintarsa, bai ba kowa wannan labari ba. Ya miƙe, ya je ya yi wa Filibus barka, ya bi matarsa gida kansa a ɗage, mutane suna ta yi musu ba'a a baya. Ya cika alkawarinsa, bai sake nutso ba, makaɗi kuma bai taɓa kiran sunansa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

To, ƙaunatattu, ga abin da misalin nan yake nufi. Gindin gurbi shi ne duk inda kake kai kaɗai, ba idon mutum a kanka. Ga mai awo a kasuwa, gindin mudu ne. Ga wanda aka ba amanar gonar maraya, iyakar gonar ce, inda ba mai zuwa dubawa. Kowannenmu yana da nasa, kun kuwa san naku, ba sai na faɗa ba. Sarkin ruwa shi ne dokar mutane. Tana da kyau, mu girmama ta, amma abin da aka fito da shi kaɗai take iya dubawa. Shi ya sa mutum zai iya kankare laifinsa tsaf, ya fito a yi masa kiɗa, ya zauna a sahun gaba a majami'a. Mai yin haka, kifi na ganinka mai jar koma. Ƙwan nan da ruwa zai tafi da su, rabon waɗansu ne, waɗanda ba su nan balle su yi ƙara, Allah kuwa yana tsaye a madadinsu.

Kada ku ce mini Irmiya ya yi asara. Ni ina alfahari da shi, ina kuma so a sami irinsa a cikinmu. Ban yi muku alkawari duniya za ta gane ku ba, shi ma ba ta gane shi ba. Ku mata da maza, in naku ya dawo gida hannu wofi don ya ƙi yin zamba, kada ku tarye shi da gori, ku tarye shi da murna, ko da unguwa duka tana dariya. Makon nan wani a cikinku zai sami kansa a gindin gurbi, numfashi ya ƙare, farce yana kan ƙwai. A wannan lokaci ba fasto a wurin, ba dattawan ikkilisiya, sai kai da Ubangijinka. Ka mayar da ita raminta, ka fito.