Zaren Gwadon Inna

An ce a wani zamani da ya shuɗe, a garin Dutsen Kanya, an yi wata Magajiya mai suna Tasalla, mace mai faɗa a ji, wadda in ta yi gyaran murya ko dattawa sai sun gyara zama. Mahaifiyarta ta rasu ta bar mata gidaje da gonaki, amma duk cikin gadon ba abin da ya shiga ranta kamar wata kaza fingi da tsohuwar ke ba tsaba da hannunta. Kazar ta ƙyanƙyashe tsako guda, kwana biyu tsakani shaho ya sure ta. Tsakon kuwa ƙafafunsa a baje suke, ɗaya gabas ɗaya yamma, in ya yunƙura zai tashi sai ya kife da ƙirji.

Magajiya ta sa aka kawo tasar tagulla, aka goge ta har mutum na ganin fuskarsa, aka shimfiɗa alharini, aka kwantar da tsako kamar ɗan sarki. Masu kiwo suka ba da shawara a haɗa ƙafafun da zare, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta ce duk wanda ya ɗaure abin da uwarta ta bari ya nemi wani garin. Tsako kuwa kullum ƙara bajewa yake, ga ruwa a gabansa ya kasa kaiwa. Da kukansa ya fara shaƙewa, Magajiya ta san in ya kai jibi a haka ta rasa shi, ta ji kamar za a sake yi wa uwarta jana'iza.

Ran nan da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, tana zaune gindin tsamiya da tasar a cinya, ƙamshin ƙasa na tashi, gyangyaɗi na ɗibarta, sai ta ga hawainiya tana saukowa daga reshe, tana taku tana rangaji kamar mai tunanin ko ta fasa. Ta juya ido ɗaya ga Magajiya, ɗaya ga tsako, ta yi sallama.

"Ranki ya daɗe, duk dajin nan ba wanda ya kai ni sanin wuyar tafiya. In kin yarda, in ba ki labarin Gwamma mai kaɗi."

Magajiya ta ce ta yarda.

Hawainiya ta ce, a wani ƙauye na bakin fadama an yi wata mai kaɗin zare ana ce mata Gwamma, da mijinta Nomau, mutum mai taushin zuciya har abin ya yi yawa. Kazarsu ta ƙyanƙyashe tsako mai irin wannan lalura. Gwamma ta tsinko zare daga mazarinta, ta haɗa ƙafafun, ta bar faɗin yatsa guda tsakaninsu, ta zuba rairayi a ƙoƙo ta tsayar da shi ciki. Kowace safiya takan kwance, ta murza ƙafafun a hankali, ta mayar, ta tsoma masa baki a ruwa, ta barbaɗa masa tsaki. Tsako ya yi ta kuka, Nomau ya kasa jurewa. Da ta tafi rafi sai ya sa aska ya yanke zaren, ya ɗora tsakon a farantin tangaran don kada rairayi ya kurje shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, don ta dawo ta tarar da tsako a kife. Ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "Maigida, zauna ka ji abin da ya sami matar Sarkin Aljanun Fadama."

Gwamma ta ce, matar nan ta daɗe tana neman haihuwa kafin ta sami 'ya guda. Don kada tsakuwa ta taɓa ƙafar yarinya, ta tara matan aljanu suka yi daɓen tsakar gida, suna bugu suna waƙa suna yayyafa makuba, kwana arba'in, har ya zama in ka duba ƙasa sai ka ga gajimare na wucewa. Yarinya ta isa tafiya, amma in ta miƙe sai ƙasa ta zame mata. Shekara bakwai tana jan ciki a kan gajimare. Wata rana guguwa ta watso yashi tsakar gidan, kafin a kawo tsintsiya yarinya ta ji wani abu ya riƙe tafin ƙafarta, ta miƙe, ta yi taku uku. Uwar ta fashe da kuka, ta ce ashe da hannunta ta share ƙasar da 'yarta za ta taka.

"Ka ji, maigida," in ji Gwamma, "ƙafa ba ta tsayuwa a kan santsi, ko da so aka goge shi."

Nomau ya tashi da kansa ya miƙo mata mazari. Kwana bakwai aka kwance zare, tsako ya bi uwarsa juji.

Hawainiya ta ɗaga hannu ɗaya, ta daɗe kafin ta sauke, ta ce, "Ni da kike gani ban taɓa faɗowa daga reshe mai kaushi ba. Wanda tausayi ya hana shi ɗaurin kwana bakwai, ya yi ɗaurin har abada."

Magajiya ta dubi tsako, muryarta ta yi ƙasa. "Da wane hannu zan ɗaure abin da Inna ta bari?"

"Gwadon da ke kafaɗarki, wa ya kaɗa zarensa?"

Magajiya ta sunkuya ta dubi gwadon, don Inna ce ta kaɗa zarensa. Da ta ɗaga kai ba hawainiya, sai ganyen tsamiya da ke motsi yana ɗigar ruwa.

Ta zaro zare guda daga gefen gwadon. Ta kifar da tasa, ta ɗebo busasshen rairayi a ƙoƙo, ta haɗa ƙafafun nan faɗin yatsa, tsako na kuka tana kuka. Kullum da safe ita ke kwancewa ta murza ta mayar, ba ta bari kowa ya taya ta ba.

Ran na takwas ta kwance zaren, ta ajiye tsakon a ƙasa. Ya tsaya yana rangaji, ya yi taku biyu wajen ruwa, ya faɗi. Hannunta ya tafi zai ɗauke shi, ta janyo hannun ta cusa cikin gwado, ta danne da ɗayan. Tsako ya yi fuffuka, ya tashi da kansa, ya isa ruwa ya sha.

Magajiya ta dubi tsamiya ta ce, "Na ji, Inna."