Haƙorin Malam Manasse

Akwai wani tsohon malamin firamare a Mafoni, sunansa Malam Manasse. Mutumin kirki ne, sai dai idan ya ce bai gane abu ba, to duniya ce ba ta iya bayani ba.

Haƙoran taunarsa duk sun yi masa sallama, saura guda ɗaya a dama wanda yake haɗuwa da na sama. Da shi yake cin nama, da shi yake cin gyaɗa. Sai shi ma ya guntule.

Matarsa Ketura ta raka shi wajen wata likitar haƙori, Dakta Halimatu Sadiya. Ta duba, ta ce za a iya ceton haƙorin da hular tangaran, amma sai ta fara goge shi ta kowane gefe.

"'Yata, na zo a ƙara mini, ke kuma kina maganar ragewa?"

"Baba, tangaran ba ya son tsini, kuma ba ya son a yi shi siriri. Ɗora farantin tangaran a kan dutse mai tsini ka danna, me zai faru?"

"Zai fashe."

"To haka hular take. Zan rage saman haƙorin don ta samu kauri, in mulmule kusurwoyin, in yi mata ɗan dakali a gindi inda za ta zauna. Sai nauyin tauna ya rarrabu, kada ya taru wuri guda."

Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Wallahi bai gane ba.

Da ya koma gida ya shiga neman shawara, kuma kowa ya zama likita. Ƙaninsa Jona ya ce abin da Allah ya dasa ba a fere shi. Onuora, mai shagon yadi a Kasuwar Litinin, ya ce an yi wa yayarsa kuma shekara da shekaru lafiya lau. Wani a coci ya ce a cire kawai a huta. Kan Malam Manasse ya ƙara ɗaurewa.

Ranar aikin ya hau kujera. Na'ura ta fara kuka a bakinsa, ba a je ko'ina ba ya ɗaga hannu.

"Ya isa haka. Mu raba biyu, ki bar mini sauran."

"Baba, ba ciniki muke yi ba. Idan na ɗora hula a haka, fashewa za ta yi."

"Baban Rhoda, ka bari ta gama mana," in ji Ketura.

Ina. Ya sauka, ya gyara hularsa, ya fita. A ransa yana ta juya lissafin da ya ƙi fita: ta yaya abu zai ƙara ƙarfi don an rage shi?

Ya samu wani mai sa haƙori a bayan kasuwa, wanda ya ce yadda mai baki yake so haka za a yi. Ya ɗora masa hula siririya a kan tsinin nan. Malam Manasse ya yi ta buɗe wa maƙwabta baki suna gani.

Ranar Kirsimeti aka yanka akuya. Tauna ta farko ya ji ƙas. Ya tofo tangaran gida biyu a tafin hannunsa.

Kunya ta hana shi komawa wajen likitar. Ya yi watanni yana cusa kanumfari a wurin, yana cewa da sauƙi, har kuncinsa ya kumbura. Da Ketura ta ja shi suka koma, ruɓa ta riga ta kai saiwa. Likita ba ta yi masa gori ba, ta dai ce babu abin yi sai cirewa.

Bayan an cire, ya roƙa a ba shi ya gani. Ya daɗe yana jujjuya shi, tausayin kansa ya kama shi.

"Ketura, duba," ya ce da auduga a baki. "Duk abin da na hana ta ragewa ga shi nan. To da me zan tauna?"

Darasi: Rashin fahimtarka ba ya nufin mai sana'a ya yi kuskure. Idan ba ka gane ba, sake tambaya, kada ka tsayar da aiki a tsakiya. Mai ƙin a rage masa kaɗan yakan rasa duka. Ku tura wa wanda kuka san yana ciniki da likitansa.