Matar Da Ta Ƙi Goge Rawar Inna

Akwai wata mata da kowa a layinsu ke kira Mai Kyamara. Da can a gidan talabijin take aiki, amma ta gaji da ganin ana datse rawar tsofaffi ana cike gurbi da ita kafin labarai. Rana ɗaya ta ajiye musu aikinsu, ta sayi tsohuwar kyamara, ta kama ɗaki a saman shagon wani tela. 'Yan uwa suka ce ta haukace, ita kuwa ko a jikinta.

Aikinta shi ne bin tsofaffin da suka iya raye-rayen da matasa suka watsar. Sai ta kafa kyamara, ta ja baya yadda za a ga mutum tun daga kai har tafin ƙafa, kuma ba ta tsayar da ɗauka sai ganga ta yi shiru. Takan ce rawar da aka yanyanka ba mai iya koyonta. Shekara da shekaru tana haka, har kaset da faifai suka cinye ɗakin, wurin sa ƙafa ma da ƙyar.

A cikin tsofaffin akwai wata da ake kira Inna. Ita kaɗai ta rage da ta iya wata rawa da ake juyi a kan diddige, ga ciwon gwiwa ya sa ta a gaba. Mai Kyamara ta yi ta zarya gidanta har ta amince. Sau ɗaya tak Inna ta taka a gaban kyamara, daga nan ba ta sake miƙewa ba sai da sanda.

To, Inna tana da ɗa, manaja ne a wani babban kamfani, irin mutanen nan da ko gaisuwa sai sun ga dama suke amsawa. Wani abokin aikinsa ya ga fim ɗin rawar Inna a wani zaure da ake nuna fina-finan Mai Kyamara, ya dawo ofis yana dariya, ya ce, "Yallaɓai, ashe kai ɗan mai rawa ne!"

Ran nan Manaja ya hau benen tela yana huci, ko sallama babu.

"Ke ce kike yawo da uwata a duniya tana tiƙar rawa? Ki goge shi yanzun nan, a gabana."

Mai Kyamara ta sauke abin sauraro daga kunnenta, ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ba zan goge ba."

"Faɗi abin da kike so, in biya ki."

"Ba na sayarwa ba ne. In na goge wannan, rawar ta mutu ke nan, ba wani wurin da za a je a samo ta. Inna ce ta taka, ba kai ba. Ita kaɗai za ta ce in goge in goge."

Ya zazzaga mata masifa son ransa, har tela ya tsayar da keke yana leƙe. Bai tsaya nan ba. Ya turo mata lauya, ya sa masu zauren suka daina nuna fina-finanta, wasu makarantun da ke gayyatarta ma suka ɗauke ƙafa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don a nan take samun na abinci. Yayarta ta ce, "Ke dai taurin kai zai kashe ki. Rawar tsohuwa ɗaya za ta raba ki da sana'arki?"

Ita kuwa sai ta tafi wurin mai rawar, ta durƙusa ta faɗa mata komai.

Inna ta ja tsaki ta ce, "Ni na haife shi ko shi ya haife ni? Da ƙafafun nan na saya masa takalmin makaranta, yau su yake jin kunya? 'Yar nan, ko da wasa kada ki goge."

Shi ke nan, Mai Kyamara ta ƙeƙasa ƙasa. Ta koma ɗaukar hoton taro don ta ci abinci, amma faifan Inna ko taɓa shi ba a yi ba.

Ana nan, Allah ya yi wa Inna rasuwa. Da mutane suka watse, Manaja ya zauna yana bincika wayarsa. Hotunan uwarsa suna da yawa, amma duk iri ɗaya ne: an zaunar da ita a kujerar falonsa, an naɗa mata tufafi masu tsada, fuska a murtuke. Ko ɗaya babu wanda take motsi ko dariya. Kewa ta kama shi kamar yaron da aka manta a kasuwa.

Ya sake hawa benen, wannan karon da sallama, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, faifan yana nan?"

"Yana nan."

"Don Allah ki bar ni in gan ta."

Ba ta goranta masa ba. Ta sa faifan, shi kuma ya jawo kujera zai zauna, sai ta dafe kujerar.

"A'a, ranka ya daɗe. Inna ta bar saƙo, ta ce in ka zo, a tsaye za ka kalla, kuma ka cire takalmi."

Ya dube ta, ta dube shi, ba ta sauke ido ba. Ya sunkuya ya kwance takalmin.

Ganga ta tashi. Ga Inna a tsakar gida tana juyi a kan diddige, tana dariya har da riƙe ƙugu. Hawaye suka zubo masa. Can Mai Kyamara ta duba ƙasa, sai ta ga diddigensa yana bin kiɗan daidai, babu kuskure.

"Wa ya koya maka?" ta tambaye shi.

Ya ce, "Ba wanda ya koya mini. A bayanta nake a goye tana yi."

Darasi: Kada ka ji kunyar sana'ar da ta raine ka, kuma in kana riƙe da amanar wani, kada tsawar mai muƙami ta sa ka sake ta. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda iyayensu ke raye.