Irin Da Bai Koma Rumbu Ba

In ka gyara abin da aka ba ka kyauta, wa kake fara gaya wa?

A wani ƙauye akwai wani tsoho mai tsaron rumbun irin dawa, rumbun kuwa ba a kulle shi. Duk mai so ya ɗiba ya shuka. Mutanen ƙauyen ne suke cika shi kowace kaka.

Sai wani saurayi ya zo daga tudu, ya ɗiba. Gonarsa cike take da wuta-wuta, ciyawar nan da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Kaka bayan kaka yana ware zangarniyar da ta tsira, har ya sami dawar da ciyawar ba ta iya mata. Ya raɗa mata suna 'Yar Tudu, maƙwabta suka yi ta yabonsa. Sai dai ƙwayarta ƙanana ce, don haka duk bazara yakan gangara ya ɗebo irin tsohon, ya shuka kusa da ita don ta yi ƙiba. Amma ko mudu ɗaya na tasa bai taɓa kai musu ba.

Wata bazara ya zo da buhunsa, ya leƙa rumbun, ya tarar wayam.

Ya ce, "Baba, ɓarayi ne?"

Tsohon ya yi dariya. "Wa zai saci abin kyauta? Wuta-wuta ce, ɗana. Ta cinye gonakinmu."

"Haba! Ai mu tuni muka gama da ita."

"Madalla. Mu kuwa ba mu ji ba."

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ku ne manya, ba kwa bukatar namu."

"Manya ma tuwo suke ci," in ji tsohon. "In rumbun nan ya mutu, baɗi ina za ka kai buhun nan?"

Saurayin ya koma tudu, ya ɗora wa jakinsa 'Yar Tudu, ya gangaro da ita.

Ma'anar wannan misali ita ce: rumbun nan kamar Linux ne, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda jama'a suka haɗu suka gina, suka bar ta a buɗe. A jami'a na ga yadda wasu ke ɗibarta, su gyara ta daidai da bukatarsu, su sa mata sabon suna. Wannan ba laifi ba ne, ai don haka aka buɗe ta! Amma in ka toshe wata ɓaraka a taka, ba ka mayar da gyaran ga masu tushen ba, ka bar rami a wurin da kai ma za ka koma ɗiba.

Haka yake a tsakaninmu a cocin nan, 'yan'uwa. Wata ikilisiya ce ta haifi tamu. Wani ne ya koya maka karatu, ko waƙa, ko addu'a, kai kuma ka ƙara da naka. Kada ka ce ya fi ƙarfin taimakonka. Ka tambaye shi?

Kafin Lahadi mai zuwa, ka tuna rumbun da ka ɗiba, ka je da ƙafarka, ka kai masa mudu ɗaya.